Kwana Biyar na Farko: Yadda Ƙwayar Korona Ke Hauhawa a Jiki, da Lokacin da Magani Ke Cin Ta

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibiti ya san wannan tambaya. Likita zai ɗago kai daga takarda ya ce, "Baba, yaushe abin ya fara?" Baba zai yi jim, ya dubi ɗansa, ya ce, "Ai an kwana biyu." Kwana biyun Bahaushe kuwa ba shi da iyaka. Yana iya zama shekaranjiya, yana iya zama tun kafin Juma'ar da ta wuce. A ciwon baya ko ciwon gwiwa wannan amsa ba ta ɓata komai. A cutar korona ita ce ke raba maganin da zai yi aiki da wanda lokacinsa ya riga ya wuce.

Na san da yawanmu sun rufe babin korona. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, mu kuwa tun kafin nan mun ajiye takunkumi. Amma ƙwayar tana nan, tana yawo cikin murar hunturu da ta damina. Mafi yawan mutane takan wuce su da atishawa da ciwon jiki. Waɗanda take kayarwa su ne tsofaffi, da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda, da mata masu ciki, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Babu gidan da ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Masu karɓar maganin HIV sun daɗe da sanin gwajin yawan ƙwayar cuta. A ɗebi jini, a ƙirga ƙwayar da ke ciki, a ga ko magani yana danne ta. A can lissafin na watanni ne. A korona ba jini ake dubawa ba, majinar hanci da maƙogwaro ce, kuma adadin da aka gani da safe yana iya ninkawa kafin dare.

Yadda take hawa

Ƙwayar korona ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ba ta iya haihuwa da kanta. Tana da ƙayoyi a jikinta, da su take maƙalewa a wata ƙofa da masana ke kira ACE2, wadda ke jikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanci da maƙogwaro da huhu. Da ta shiga sai ta ƙwace aikin gidan, ta sa ƙwayar halittar ta bar abin da aka halicce ta dominsa ta koma ƙera mata 'ya'ya. Cikin sa'o'i kamar goma sababbi sun fara fitowa, kowace ta nufi ƙofar maƙwabta. Masana sun ƙiyasta cewa ranar da abin ya kai ƙololuwa, jikin mutum ɗaya na ɗauke da tsakanin biliyan 1 da biliyan 100 na ƙwayar.

Matsalar masu bincike ita ce ba wanda ya san daidai sa'ar da ya kamu. Don haka a 2021 aka yi wani gwaji a Landan, ƙarƙashin jami'ar Imperial College, a asibitin Royal Free. Matasa 36 masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba su taɓa kamuwa ba kuma ba a yi musu rigakafi ba, suka amince aka ɗiga musu ƙwayar a hanci, aka killace su ana aunawa safe da yamma. Goma sha takwas suka kamu. Bayan sa'o'i kamar 40 ƙwayar ta bayyana a maƙogwaro, bayan kamar 58 a hanci. Daga nan ta yi sama da gudu, ta kai ƙololuwa wajen kwana na biyar, kuma a hanci ta fi taruwa. Saukarta kuwa a hankali ta zo, har wajen kwana na goma ana samun ƙwaya mai rai a hancin da yawansu. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin sakamakon shi ne yawan ƙwayar bai bi tsananin ciwon ba. Akwai wanda bai ji komai ba, alhali hancinsa cike yake kamar na wanda ke kwance da zazzaɓi.

Wannan hawan na farkon kwanaki shi ne sirrin annobar gaba ɗaya. Korona tana da 'yar uwa, SARS, wadda ta ɓulla a China a ƙarshen 2002. Ta fi kisa, ta kama mutane wajen 8,000 ta kashe 774, amma zuwa Yulin 2003 an shawo kanta. Likitocin Hong Kong sun gano cewa a SARS ƙwayar ba ta kai ƙololuwa sai wajen kwana na goma da fara ciwo, lokacin da majinyacin ya riga ya galabaita yana gadon asibiti, inda za a iya keɓe shi. Korona ta zo da akasin haka. A farkon 2020 aka auna majinyata 94 a birnin Guangzhou, aka ga ƙwayar ta fi yawa a maƙogwaro daidai lokacin da alamu ke farawa. Mutum na tsaye a sahu, yana cin abinci a faranti ɗaya da iyalinsa, yana cikin mota an cunkushe, a ranakun da ya fi kowace rana yaɗa ta. Shi ya sa na'urar auna zafin jiki da aka riƙa nuna mana a goshi a ƙofar banki da filin jirgi ba ta iya tare ta ba.

Wuta da toka

Wanda aka taɓa zura wa tsinken audugar nan a hanci ba zai manta ba. Ma'aikaciya ta ce ka ɗaga kai, tsinken ya shige har inda ba ka san akwai hanya ba, ta murza, hawaye ya zubo maka ba da niyya ba. Abin da ya manne a audugar shi ake kaiwa ɗakin gwaji, a saka a na'urar PCR. Na'urar ba ta ganin ƙwayar kai-tsaye. Tana ɗaukar ɗan guntun rubutun halittarta ne ta riƙa ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, zagaye bayan zagaye har kusan 40, sai ya yi yawan da za a iya hango shi. Idan ƙwayar na da yawa tun farko, da wuri za ta bayyana. Idan kaɗan ce, sai an yi ta zagaye. Wannan lambar zagayen ita ma'aikatan gwaji ke kira Ct, kuma a juye take: ƙaramar lamba na nufin ƙwaya mai yawa. Wanda tasa ta fito a zagaye na 18 ya ninka wanda tasa ta fito a na 35 fiye da sau dubu ɗari.

Sai dai lamba ɗaya ba ta ba da labari duka. Ta danganta da yadda aka murza tsinken da irin na'urar. Kuma hasken asuba da na magariba kama suke: Ct 33 na iya zama na wanda ƙwayar ke fara hawa a jikinsa, gobe ya wayi gari da 20, yana kuma iya zama na wanda ta gama da shi. Ranar da ciwon ya fara ita ke bambancewa.

Akwai wani abu kuma da ya jawo mana ruɗani mai yawa a 2020. PCR ba ta bambance ƙwaya mai rai da gawarta. Wuta ta mutu, toka na nan, na'urar kuwa tokar ma tana ƙirgawa. Likitoci a Munich ta Jamus sun bi majinyata tara, suka riƙa gwada shuka ƙwayar a ɗakin gwaji don su ga ko za ta hayayyafa. Bayan kwana na takwas ba ta ƙara tsirowa ba, alhali PCR na ci gaba da nuna tana nan. A Mayun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Koriya ta Kudu ta bincika mutum 285 da suka warke gwajinsu ya sake nuna cutar, ta bi mutum 790 da suka yi hulɗa da su, ba ta sami shaidar sun harbi kowa a wannan zagayen ba. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idar sallama, ta koma ƙirga kwanaki: goma daga fara ciwo, da ƙarin uku ba tare da alamu ba.

Mun tuna yadda aka riƙa yaɗa bidiyon mutane a cibiyoyin killacewa suna hira lafiya ƙalau, jama'a na cewa ga shi nan, korona ƙarya ce. Da yawa daga cikin mutanen nan ko dai cutar ba ta taɓa kayar da su ba, ko sun riga sun warke ana jiran toka ta share daga hancinsu. Da an yi wa mutane wannan bayani da harshensu tun a lokacin, da jita-jitar ba ta yi ƙarfin da ta yi ba.

Gwajin gaggawa, wanda ake ɗiga ruwa a jira minti 15 a ga layi ɗaya ko biyu, ba shi da kaifin PCR. Sai ƙwayar ta yi yawa yake kama ta. Wannan rauni nasa yana da amfani, domin ranakun da layi na biyu ya fito baƙi ƙirin su ne galibi ranakun da mutum ke harbin wasu. Amma a lura da wani sauyi. Yanzu kusan kowa jikinsa ya san ƙwayar, ko ta rigakafi ko ta kamuwa a baya, don haka garkuwar jiki na tashi da wuri, mura da zazzaɓi su fara tun ƙwayar ba ta taru ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2023 ya sami ƙololuwar a wajen kwana na huɗu da fara alamu. Idan gwajin ranar farko bai nuna komai ba, ba a gama ba, a sake bayan sa'o'i 48. Rigakafi kuma, kamar yadda aka gani a gidajen Ingila lokacin nau'in Delta, bai cika rage tsayin ƙololuwar ba, amma yana sa ƙwayar ta sauka da sauri.

Mako na biyu

Mu ɗauki dattijo mai ciwon suga, irin wanda kowannenmu ya sani. Ranar Litinin ya tashi da zazzaɓi da kasala. Ɗansa ya je kemis ya karɓo maganin maleriya. Laraba ba sauƙi, aka ce to taifot ne, aka ƙaro wasu ƙwayoyin. Juma'a ya ji dama-dama har ya fita masallaci, iyali suka yi hamdala. Talatar da ta zagayo, ya tashi daga ɗaki zuwa inda buta take a tsakar gida, sai ga shi ya dafa bango yana haki. Aka nemo mota. Likita ya ce, "Baba, yaushe abin ya fara?"

Kwana tara ke nan. Tun rahoton farko na majinyata 41 a Wuhan, a Janairun 2020, an lura cewa sarƙewar numfashi kan zo ne wajen kwana na takwas. Abin mamakin shi ne a wannan lokaci ƙwayar ta riga ta fara janyewa a yawancin mutane. Abin da ke shaƙe Baba yanzu yaƙin da jikinsa ya tayar ne. Wanda ya taɓa ganin shago bayan gobara ya san ba wuta kaɗai ke ɓarna ba, ruwan 'yan kwana-kwana ma yakan lalata abin da wuta ta bari. Haka garkuwar jiki take idan ta wuce gona da iri: huhu ya kumbura, ƙananan jakunkunan iska su cika da ruwa, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, iskar oksijin ta kasa ratsawa.

Cutar ɗaya ce amma zangonta biyu, kowane da maganinsa. A zangon farko abokin gaba ita ce ƙwayar. A na biyu kumburi ne.

Magungunan da ke tare ƙwayar

Wanda ya fi suna shi ne Paxlovid na kamfanin Pfizer, wanda Amurka ta ba izinin gaggawa ranar 22 ga Disamba 2021. Idan ƙwayar korona ta shiga ƙwayar halitta, kayan aikinta na farko a dunƙule suke fitowa, doguwar ƙwarya ɗaya kamar shaddar da ba a yanka ba. Tana da almakashinta da take yanka ta gunduwa-gunduwa kafin a ɗinka sabuwar ƙwaya. Sinadarin nirmatrelvir da ke cikin Paxlovid almakashin yake toshewa. Ba ya kashe ƙwayoyin da suka riga suka fito, ba ya gyara huhun da ya kumbura. Sababbi kawai yake hanawa. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa ake cewa a fara shi cikin kwana biyar da bayyanar alamu.

An gwada shi a kan mutum 2,246 masu haɗari waɗanda ba su yi rigakafi ba. Rabi aka ba maganin, rabi aka ba ƙwaya mai kama da shi da ba komai a cikinta. Cikin waɗanda suka fara a kwana uku na farko, kwanciya asibiti ko mutuwa ta ragu da kashi 89 cikin 100. Mutum 13 suka rasu a gwajin, dukkansu a ɓangaren da bai sami maganin ba. A kwana na biyar, ƙwayar da ke hancin masu shan maganin ta yi ƙasa da ta sauran da kusan ninki goma. Daga baya aka gwada shi a kan masu ƙarancin haɗari, bai gaggauta musu warkewa ta yadda za a kafa hujja da shi ba. Saurayi mai ƙarfi da mura ba shi ne mai buƙatarsa ba. Kakarsa ce.

Ƙwaya uku ake sha da safe, uku da dare, kwana biyar, kuma yakan bar ɗaci kamar na ƙarfe a baki. Ɗaya daga cikin ukun ritonavir ce, tsohuwar sananniya a maganin HIV. Aikinta a nan shi ne ta rage wa hanta sauri don kada ta narkar da nirmatrelvir da wuri. Amma hantar da aka rage wa sauri ba za ta narkar da sauran magunguna yadda ta saba ba, sai su taru a jini. Simvastatin na rage kitsen jini ba a haɗa shi da Paxlovid. Amlodipine da dubban masu hawan jini ke sha sai an sa ido. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya kuwa su ne ke kore Paxlovid ɗin daga jiki, ya zama an sha a banza. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa adadi. Don haka ba maganin da za a aiki yaro ya sayo ba ne. A zuba duk abin da majinyaci ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a ajiye gaban likita.

Labarin remdesivir ya fi kowanne nuna darajar lokaci. An taɓa gwada shi a kan Ebola a Kongo bai yi abin kirki ba. Da korona ta zo aka ba waɗanda ke kwance a asibiti. A Oktoban 2020 babban gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai majinyata sama da 11,000 a ƙasashe 30, ya nuna bai rage mutuwa a cikinsu ba sai abin da ba a rasa ba. Mutane da yawa suka yanke masa hukunci. Sai aka sake gwada shi a kan mutum 562 masu haɗari waɗanda ba su kai ga kwanciya ba, cikin kwana bakwai da fara ciwo, ana ba su ta ƙarin ruwa kwana uku a jere. Kwanciya asibiti ta ragu da kashi 87 cikin 100. Magani ɗaya ne, ranar bayarwa ce ta bambanta.

A wannan gwajin an ga wani abu da ya kamata mai karanta takardar sakamako ya sani. Duk da wannan nasara, yawan ƙwayar a hancin waɗanda suka sami remdesivir bai bambanta da na sauran ba. Tun a gwajin birai an ga haka, maganin ya rage ƙwayar a huhu bai rage ta a hanci ba. Hanci zaure ne, abin da ke faruwa a cikin gida ba duka ake gani daga nan ba.

Molnupiravir na kamfanin Merck, wanda Birtaniya ta fara amincewa da shi ranar 4 ga Nuwamba 2021, wata dabara yake bi: yana cusa kurakurai a rubutun halittar ƙwayar yayin da take kwafar kanta, har kwafin ya daina karantuwa. A gwajin farko ya rage kwanciya da mutuwa da kashi 30 cikin 100. A wani babban gwaji na mutum sama da 25,000 a Birtaniya, waɗanda kusan duk sun yi rigakafi, ya rage ƙwayar da sauri, mutane sun ji sauƙi da wuri da kwana huɗu, amma bai rage kwanciya asibiti ba. Ba a ba mai ciki ko yaro.

Masu bincike na jami'o'in Mahidol da Oxford a Tailan sun bi hanya mai sauƙin ganewa. Kullum sai su auna maƙogwaron majinyaci har mako guda, su ga saurin da ƙwayar ke sauka. Paxlovid ya ƙara saurin da kashi 84 cikin 100, molnupiravir da kashi 37. Ivermectin, maganin tsutsa da aka yi ta yayatawa a WhatsApp, bai ƙara komai ba. Dangin kulorakwin ma haka: a Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka masa fiye da ƙima, a Yunin shekarar kuma gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna hydroxychloroquine bai ceci majinyatan asibiti ba. Azithromycin da sauran magungunan bakteriya ba su da abin da za su kama a jikin korona, domin ita ba bakteriya ba ce.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dexamethasone, saboda arha ne, kuma yana kowane kemis, wasu ma don ƙiba suke shan sa. Ranar 16 ga Yuni 2020 gwajin RECOVERY ya sanar cewa ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar a waɗanda ake ba oksijin. Labarin ya zaga duniya, amma rabinsa aka riƙe. Waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfane su ba, alƙaluman ma sun karkata wajen cutarwa. Dalilin a fili yake. Aikinsa kwantar da garkuwar jiki. A mako na biyu, lokacin da garkuwar ke ɓarna, rahama ne. A kwanakin farko, lokacin da ƙwayar ke hawa kuma garkuwar ce kaɗai ke tare ta, ɗaure hannun mai gadi ne. Ga mai ciwon suga kuma yana harba sugan sama. Maganin gadon asibiti ne, ba na ɗakin Baba a ranar Laraba ba.

Idan ta dawo, da idan ta ƙi tafiya

Wani lokaci mutum ya gama kwana biyar ɗinsa, gwaji ya nuna ba komai, bayan 'yan kwanaki mura ta dawo layi na biyu ya sake fitowa. Ya faru da shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden: ya kamu ranar 21 ga Yuli 2022, ya sha Paxlovid, gwaji ya wanke shi, ranar 30 ga wata ya sake nunawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce dawowar kan zo tsakanin kwana biyu zuwa takwas bayan samun sauƙi, galibi da sauƙi take wucewa, kuma tana faruwa har ga waɗanda ba su sha magani ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne maganin ya danne ƙwayar, ya ƙare kafin garkuwar jiki ta gama share ragowar. Wannan ba toka ba ce, garwashi ne da ya sake ruruwa, kuma mai shi na iya harbin wasu. Ya koma nesa da tsofaffin gidan, ya sa takunkumi.

Wannan ya nuna cewa magani taimako yake yi, garkuwar jiki ce ke ƙarasa aikin. Inda babu ita, ƙwayar kan zauna. A Durban ta Afirka ta Kudu an bi wata mata mai shekara 36, mai ɗauke da HIV da maganinta ya daina yi mata aiki. Korona ta zauna a jikinta kwana 216, tana ta sauya kama har sau fiye da 30. Da aka canza mata maganin HIV ɗin, ƙwayar HIV ta sauka, sai jikinta ya kori koronar. A Landan an sami majinyacin da ya ɗauke ta kwana 505. Ga mai HIV, tsayawa kan maganinsa kullum shi ne babban abin da zai yi wa kansa game da korona. Masu shan maganin ciwon daji da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda su ma lissafin kwana goma bai hau kansu ba, likitansu ne zai faɗi ranar da suka fita.

Gaskiya ne Paxlovid ba a kowane gari ake samunsa ba. A Nuwamban 2021 Pfizer ya ba ƙungiyar Medicines Patent Pool izinin a ƙera mai arha don ƙasashe 95, a Afrilun 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi a riƙa ba masu haɗari shi. Amma ko a asibitin da yake ajiye, ba zai amfani wanda aka kawo a kwana na tara ba, kuma ba za a ba wanda ba a gwada ba. Zazzaɓi a wurinmu maleriya ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma sau da yawa hakan ne. Abin da nake roƙo shi ne idan mai zazzaɓin tsoho ne ko mai ciwon suga, ga tari ko mura ko ciwon maƙogwaro, a rubuta ranar da ya fara a bangon kalanda ko a waya, a kai shi a duba a kwana na ɗaya ko na biyu, a gwada maleriyar, a tambayi likita batun korona. In gwajin bai nuna ba a sake a kwana na uku, har yanzu da sauran lokaci.

Ko ya ji sauƙi, a ci gaba da lura da numfashinsa har mako na biyu ya wuce. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana taimakawa: idan ta sauka ƙasa da 94 a kira likita, idan ta kusa 90 a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Sai dai wani bincike na jami'ar Michigan a 2020 ya nuna tana yawan nuna lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata, don haka kada lambar ta rufe ido. Idan Baba ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ya fara ruɗewa, ko ƙirji ya riƙe shi, a nemo mota.